Kuɗin Ambaliya Na Wane Ne? Takarda Zuwa Ga Mutanen Gwandu Da Kalgo

An rubuta wannan takarda ne don a karanta ta a zaure da majalisa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Zancenmu a kan kuɗin da hukuma ke fitarwa ne idan ruwa ya yi ɓarna, da kuma haushin da talakawa ke ji na mutanen da suka mai da siyasa sana'a.

Haushin nan ba ɓoyayye ba ne. Ka zauna teburin mai shayi a Kalgo, ko ka shiga kasuwar Gwandu, za ka ji ana cewa, "Su ne dai jiya, su ne yau. Mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba." Wani ma ya rantse ya yi sallama da layin zaɓe. Ba shi kaɗai ba ne: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka fito.

Masu cewa "su ne dai" ba ƙarya suke yi ba. Dubi kujerar sanatan Kabi ta Tsakiya, wadda Gwandu da Kalgo ke ƙarƙashinta. Adamu Aliero ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya hau kujerar nan, ya bar ta ya tafi ministan Abuja. Atiku Bagudu ya gaje ta a 2009, ya riƙe ta har 2015 da ya zama gwamna, Aliero ya koma kanta. A 2023 su biyun suka kara, jama'a suka kayar da gwamna mai ci, suka zaɓi Aliero a PDP. Bagudu ya zama ministan kasafin kuɗi, shi kuma Aliero ya koma APC a watan Mayu na 2025. Tun 2007 ke nan kujerar ba ta fita hannun mutum biyu ba.

To, daɗewa a mulki ba laifi ba ce a kan kanta, kuma zaɓen 2023 ya nuna ƙuri'a na da haƙora. Sai dai wanda ya daɗe ba shi da bakin cewa bai san inda ruwa ke bi ba. Ruwan nan tsohon baƙo ne. A 2010 ruwan da ya taso daga wajen madatsar Goronyo ya biyo gulbin Rima ya shafe garuruwa da gonaki. A 2012 ambaliya ta game ƙasa. A 2020 ta cinye shinkafar Kabi tana gab da nuna, rahotanni suka ce wajen hekta 450,000, alhali manoma da yawa bashi suka ci a shirin lamunin noma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Zauro a watan Nuwamba na 2015. A 2024 gwamnatin jiha da bakinta ta ce mutum 29 sun rasu.

Ɓarnar kuma iri biyu ce. Manomin fadama a ƙasar Kalgo gulbi ne ke hawowa ya kwanta masa a gona kwana da kwanaki, har shinkafa ta ruɓe a tsaye. A garuruwan tudu kuwa ruwan sama ne ke rasa hanya. Ya taru a gindin katangar ƙasa, ta sha ta yi laushi tun daga ƙasa, ta fara zubar da yaɓe, can cikin dare sai a ji rugum, ɗaki ya zauna a kan rumbu. Maganin na farko daban, na biyu daban, amma ranar rabon tallafi duk katan ɗin taliya ɗaya ake miƙa musu.

Yanzu ga abin da ya kamata kowa ya sani. Kuɗin nan suna da asali, suna da adadi. A watan Oktoba na 2012 Shugaba Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi gida huɗu, Kabi ta faɗa rukunin da ya samu miliyan 250. A 2024 gwamnatin tarayya ta yi shelar biliyan uku ga kowace jiha. Ban da waɗannan na gaggawa, akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981. Duk wata, idan an zauna rabon arzikin ƙasa a Abuja, ana cire wani kaso da sunansa, tarayya ta ɗauki nata, jihohi su ɗauki nasu, ƙananan hukumomi ma da nasu. Wato a rubuce, ƙaramar hukumar Gwandu da ta Kalgo kowacce na da rabonta na gyaran magudanar ruwa da tare zaizayar ƙasa, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Ka riƙe wannan, sa'an nan ka tuna yadda ranar rabo take. An kafa rumfa, an jera buhunan shinkafa da bandir ɗin kwano da katifu da gidan sauro, wani buhun har da hoton mai girma a jikinsa. Maroƙi na ta kirari, masu ɗaukar hoto na kai da kawo. Ana kiran suna daga wata takarda da ba wanda ya san ranar da aka rubuta ta. Tsohuwar da ɗakinta ya faɗi tana tsugune a gefe, ba a kira ta ba, wani da ko tsagewa bangonsa bai yi ba ya ɗora buhu biyu a babur. Wanda ya samu ya ce, "Allah ya saka wa Honarabul." Godiya halin kirki ce. In daga aljihunsa ya fitar, a gode masa har gida. In kuwa daga baitulmali ne, haƙƙinka aka ba ka, abin da ya rage shi ne ka tambayi nawa aka kawo, nawa aka raba.

Mu ma talakawa da namu. Ɗan siyasa ya fi son raba buhu a kan gina kwalbati, don ya lura mun fi tuna abin da muka ɗauka a ka zuwa gida. Kuma mai cusa sunan ƙanensa da matansa a takardar waɗanda ruwa ya ci, shi ma ya ci kuɗin ambaliya, ko da bai taɓa tsayawa takarar kansila ba.

Mai cewa ya yi fushi ya bar musu, ya tuna da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu. 'Yan shekaru bayan fara jihadi a 1804, ya ga wasu jagorori sun karkata ga neman mulki da tara dukiya. Ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar ba zai dawo ba. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake riƙon jama'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya juyo gida ya ci gaba da aiki. Fushinsa ya fi namu, amma ƙa'ida ya haifa, wadda za a auna shugaba da ita.

Namu aikin bai kai nasa wuya ba. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi a nuna masa takardun kashe kuɗi, ta kuma ba ofishin kwana bakwai ya amsa. Ƙungiyar manoman Diggi ko matasan Dalijan da Kambaza za su iya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, cikin ladabi, su tambayi abin da ya shigo da sunan muhalli a bara da aikin da aka yi da shi, da sunan ɗan kwangila da wurin da aikin yake, don a je a gani da ido. A sa hannu mutum da yawa, a kai wa hakimi kwafi, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan wanda za ku ajiye. A kuma nemi duk lokacin da za a yi rabo, a manna sunayen a ƙofar dagaci kwana biyu kafin ranar, mai ƙorafi ya yi tun buhu bai bar rumfa ba.

Kada a jira Agusta, lokacin da kowa ke ta kansa. Hukumar lura da koguna ta ƙasa kan fitar da hasashen ambaliya tun kafin damina ta kankama, da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A rubuta takardar a bazara. Ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, sabon shiga ne ko tsohon hannu, a ba shi tabarma da ruwan sha, a ɗauko kwafin nan mai hatimi a karanta masa a gaban jama'a, a tambaye shi inda amsar ta maƙale.