Darasin Mata: Sabuwar Miya da Sayen Zaren Saƙa

Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida. Wake da gyaɗa da dankali duk sun samu. Bayan kaka kuma sai hunturu, lokacin iska mai sanyi da ƙura, tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. A wannan lokaci mura da tari sukan yawaita, kuma yara ƙanana su ne suka fi shan wahala. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, ciwo ya fi saurin ka da shi.

Akwai abu biyu da uwa za ta iya tanadar wa ɗanta kafin sanyi ya kankama: miya mai kyau da rigar sanyi. Darasin wannan wata zai nuna yadda ƙawaye huɗu ko biyar za su haɗa kai su samu duka biyun da kuɗi kaɗan. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KASHI NA FARKO: MIYA

A gidaje da yawa miya ɗaya ce kullum: yau kuka, gobe kuka, jibi busasshiyar kuɓewa. Kuka ba ta da laifi, ganye ne mai amfani. Amma tuwo da kuka kaɗai ba su isar yaro mai tasowa. Jiki yana buƙatar abinci iri uku:

1. Mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa da mai.
2. Mai gina jiki: wake, gyaɗa, waken suya, kifi, nama, ƙwai da nono.
3. Mai kare jiki daga cuta: ganyaye, kabewa, tumatir da 'ya'yan itatuwa.

Tuwo ya riga ya cika na farko. Sauran biyun kuwa, ta cikin miya za su shiga.

Mace ita kaɗai takan ji tsoron gwada sabuwar miya, don kada ta ɓata cefane maigida ya yi faɗa. Amma idan ƙawaye ne, abin yana da sauƙi. Sai su tsai da rana ɗaya a mako, su taru a gidan ɗaya daga cikinsu. Wannan ta kawo manja, waccan ta kawo albasa, wata ta kawo itace. A dafa a ƙaramar tukunya, kowa ta ɗanɗana ta faɗi ra'ayinta. Wadda ta fi iya rubutu ta rubuta ma'aunin kowane abu a littafi, sauran su kwafa. Ta haka miyar da ta yi daɗi ba za ta ɓace ba.

Miyar waken suya da zogale

Waken suya ya fi wake na gida gina jiki, kuma ana noma shi da yawa a jihohin Binuwai da Kaduna. Mata da yawa ba su san shi ba sai a awara. Ga shi kuwa yana yin miya kamar agushi, kuma bai kai agushi tsada ba.

Da farko a tsince waken, a soya shi a busasshen kasko har ya yi ja ya fara ƙamshi. A ɓarza, a sheƙe dusar, sannan a niƙa ya zama gari. Suyar nan ita ce take kashe ƙarnin waken.

Kayan haɗi: garin waken suya gwangwanin madara 1, ɗanyen zogale cikin ƙaramar ƙwarya, tumatir 4, tattasai 2, albasa 1, manja ludayi 1, daddawa, gishiri, da busasshen kifi idan akwai.

1. A jajjaga tumatir da tattasai da albasa, a soya su cikin manja.
2. A tsai da ruwa, a zuba daddawa da kifi da gishiri, a bari ya tafasa.
3. A dama garin da ruwa kaɗan, a riƙa zubawa da cokali.
4. A rufe, a rage wuta, ya dahu kamar minti 20. Waken suya da bai dahu sosai ba yana ɓata ciki.
5. A wanke zogale a zuba, a ba shi minti 10, sai a sauke.

Miyar ganyen dankali da gyaɗa

A ƙauyuka da yawa awaki ake zuba wa ganyen dankalin Hausa. Amma a ƙasashen Saliyo da Laberiya da Gini, miyarsa tana cikin manyan miyoyin gida, da shinkafa suke ci. Ganyen yana da laushi kamar alayyafo.

A tsinko ƙananan ganye na saman yaɗo. A wanke tukuna, sannan a yanka ƙanana. A soya kayan miya kamar yadda aka yi a sama, a tsai da ruwa, a zuba dakakkiyar gyaɗa gwangwani 1. Idan gyaɗar ta dahu mai ya taso, sai a zuba ganyen. Minti 5 zuwa 10 ya ishe shi. Tana tafiya da tuwon dawa ko na shinkafa.

Abin lura a kan kowace miya

• Kada a cika kanwa. Tana sa ganye ya yi kore shar, amma tana kashe wani ɓangare na amfaninsa.
• Kada a ƙona manja har ya yi fari. Jan nan nasa shi ne yake taimakon ido, yana maganin dundumi.
• A zubar da gyaɗar da ta yi funfuna ko ɗaci, domin tana cutar da hanta.
• A yi amfani da gishiri mai aidin, wanda yake hana maƙoƙo. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya.
• Idan za a busar da zogale don rani, a shanya shi a inuwa, ba a rana ba.
• A ɗebi miyar yaro kafin a zuba barkono da yawa.

KASHI NA BIYU: ZARE

Sana'ar zare tsohuwar sana'ar mata ce a ƙasar Hausa. Kakanni sun gurje auduga, sun shiɓe ta, sun kaɗa da mazari. Suna fitar da abawa mai kauri da arafiya mai siriri, masaƙa su saya, marina su rina, kamar a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Yau kuma ga ulu na kamfani mai launi iri iri, wanda mata suke saƙa shi da kwarashi. Da shi ake yin hular jariri, safa, rigar sanyi da mayafin goyo.

A kasuwar ƙauye zare yakan yi tsada, launinsa kuma kaɗan ne. A manyan kasuwannin birni, kamar Sabon Gari ta Kano, akwai rumfuna masu sayar da zare a kan sari. To amma idan mace ɗaya ta tafi don dunƙule biyu kawai, kuɗin mota zai cinye ribar. A nan ma haɗin kai shi ne mafita. Ƙawaye su tara kuɗinsu, ko su jira kwasar adashi. Biyu ko uku su nemi izinin mazajensu su tafi tare, da wata dattijuwa wadda ta san gari. Wadda ba ta fita sai ta ba da saƙo a rubuce: launi kaza, dunƙule kaza, kuɗi kaza.

A kasuwa kada a tsaya a rumfar farko. A zaga rumfa uku a ji farashi, matambayi ba ya ɓata. Tafiya tare tana da amfani: ɗaya tana ciniki, ɗaya tana duba zare, ɗaya tana riƙe da kuɗi da lissafi.

Yadda ake gane zare mai kyau

1. A karanta takardar da aka naɗe zaren da ita. Tana nuna nauyinsa, misali giram 50 ko giram 100. Wani dunƙulen yana da girma a ido, amma cikinsa sako-sako ne.
2. A duba lambar launi da lambar rini. Ja biyu suna iya yin kama a cikin rumfa, amma a rana su bambanta. Zaren riga ɗaya a saye shi lokaci ɗaya, mai lamba ɗaya, har da ƙarin dunƙule guda.
3. A jiƙa bakin zaren a goga a farin ƙyalle. Idan ya bar launi, zai zuba a wanki.
4. A ja shi da hannu biyu. Wanda ya tsinke nan da nan ya daɗe a ajiye.
5. A goga shi a wuya ko a kumatu. Idan ya yi wa babba kaushi, jariri ba zai iya sa shi ba.

Akwai kuma gwajin wuta, wanda ake yi a gida da ɗan guntu, nesa da yara. Zaren auduga yana warin ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi. Na gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi. Na roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Yawancin ulun da ake samu a kasuwa na roba ne. Yana da araha da sauƙin wanki, amma idan ya kama wuta yana narkewa ya manne wa fata. Saboda haka yaron da yake sanye da shi kada a bar shi kusa da murhu ko wutar jin ɗumi.

Misalin lissafi

A ce dunƙule ɗaya a ƙauye naira 1,000 ne, a birni kuma dozin ɗaya, wato guda 12, naira 8,400. Ke nan kowane ɗaya ya kama naira 700. Mata biyar suna son dozin 5, wato guda 60. A ƙauye za su biya naira 60,000. A birni za su biya naira 42,000. Idan kuɗin motar mutum uku zuwa da dawowa ya kama naira 6,000, duka ya zama naira 48,000. Sun tsira da naira 12,000. Wannan misali ne kawai, farashi yana canzawa. Kafin a tashi, a yi irin wannan lissafi da farashin ranar.

Idan an dawo gida, a raba zare a gaban kowa bisa abin da aka rubuta, don kada a samu saɓani. Ranar haɗuwa ta gaba, miya tana kan wuta, wadda ta iya saƙa tana koya wa wadda ba ta iya ba. A fara da hular jariri, ita ce mafi sauƙi. Idan yaran gida sun samu, sauran a kai gidan suna a sayar.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne iri uku ne na abinci jiki yake buƙata?
2. Me ya sa ake soya waken suya kafin a niƙa?
3. Mece ce illar cika kanwa a miyar ganye?
4. Ta yaya ake bambanta zaren auduga da na roba?
5. Idan dozin ɗaya naira 9,600 ne, nawa ne dunƙule ɗaya?

AIKIN GIDA

Kowace ɗaliba ta rubuta kayan haɗin wata miya da ta iya, da ma'aunin kowane abu. Ta kawo aji ta karanta wa 'yan'uwanta.