Haruffa Masu Ƙugiya a Jerin Littattafai na Kwamfuta

Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yana da jerin takardun da yake adanawa. Haka ya kamata mai tara littattafai ko finafinai a gida ya yi. Manhajar Excel tana ba shi damar buɗe gurbin sunan littafi, da marubuci, da shekara, da wanda ya ara. Sai dai idan ya shigar da Ganɗoki na Bello Kagara da "d", sannan ya neme shi da "ɗ", kwamfuta ba za ta gano shi ba, domin haruffan biyu daban suke a wurinta. Saboda haka, wajibi ne ya kiyaye ƙa'idojin rubutun Hausa tun daga farko.