Darasi: Lambun bayan ɗaki da renon irin dashe

Abin da za mu koya: yadda mace za ta samu kuɗin zubi daga ganye da irin dashe, ba tare da ta fita gona ba.

'Yan'uwa, kafin ki ci rance daga asusu, ki fara sanin wa zai saya. Tsiro ba ya jiran ciniki. In ya wuce lokacin dashe sai ya yi tsawo ya lanƙwashe, kuɗinki ya tafi, rance kuma yana nan.

Me za ki shuka?

1. Ganyen miya: alayyahu, rama, lalo. Alayyahu yakan isa yanka a mako 3 zuwa 4. Maƙwabta da masu sayar da abinci su ne kasuwarki.
2. Irin dashe: tumatir mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8. Masu noman rani a bakin ruwan Tiga da fadamun Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna nemansa da zarar damina ta ɗauke.
3. Zogale da gwanda a leda, a sayar da farkon damina.

Yadda ake yi

Haɗa ƙasa kashi 2, takin gida da ya ruɓe kashi 1, yashi kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro. Zuba a tsohon buhu, fasasshen baho ko ledar fiya-wata, ki huda ƙasan don ruwa ya wuce. Kada ki binne iri da zurfi. Ba ruwa safe da yamma, ban da ruwan sabulu. Yi rumfar kara, ki kewaye wurin, don akuya ɗaya ta isa ta cinye jarinki kafin azahar.

Kuɗi

Manomi ya faɗi ranar dashensa, ya ba da kafin alƙalami, sannan ki ƙirga makonni baya ki zuba iri. In za a kai kasuwar Kwanar Dangora, mata uku ko huɗu su haɗa kaya, kuɗin mota ya ragu. Ciniki kuwa ki raba shi uku: biyan rance, sayen iri, sai na gida.

A tattauna: Wace ce a cikinmu take da rijiya a gida? Wane manomi za mu tuntuɓa kafin zama na gaba?