Amsoshin Tambayoyinku: Shin ɗan baya ya fi iya zama koci?

TAMBAYA: Ni matashi ne daga Kunci a jihar Kano, lamba biyar nake bugawa a ƙungiyar unguwarmu. Kullum a gidan kallo ana musu: wasu na cewa 'yan baya sun fi kowa iya zama koci idan sun bar wasa, wasu na cewa bakinsu ne kawai ke da kaifi wajen sharhi. Don Allah a ba ni tarihin wani ɗan baya da ya zama koci, kuma a faɗa mini ko duk wanda ya iya sharhi zai iya horar da ƙungiya.

AMSA: Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma kowace tana da amsa. Bari mu fara da tarihin, domin a cikinsa ne amsar ta biyun take.

A Najeriya babu misalin da ya kai marigayi Stephen Okechukwu Keshi, wanda ake yi wa kirari da Big Boss. An haife shi a 1962, asalinsa ɗan garin Illah ne a jihar Delta ta yanzu. Ya fara fice a ƙungiyar New Nigeria Bank ta Benin, inda suka ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Daga nan hukumar ƙwallon ƙasa ta dakatar da shi da wasu abokansa saboda jinkirin zuwa sansanin horo. Wannan hukunci ne ya zame masa gobarar Titi, domin ya tsallaka Abijan ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, kuma daga can ya samu hanyar Beljiyam a 1986. Ya fara da Lokeren, sannan ya koma Anderlecht, inda ya yi shekara huɗu ya ci kofuna har da na gasar ƙasar a 1991, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa.

A lokacin, zuwan ɗan Najeriya Turai ba abu ne mai sauƙi ba. Keshi ya zama uban gida ga matasan Afirka da suka biyo bayansa. Shi ne ya yi wa Nii Lamptey na Gana hanya zuwa Anderlecht. A wannan zamanin ne kuma Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge. Ka lura da wannan tun yanzu: tun yana ɗan wasa, aikin kula da mutane yake yi.

Ya daɗe yana riƙe da kambun kyaftin na Super Eagles. A 1994, ƙarƙashin Clemens Westerhof, Najeriya ta ci kofin nahiyar Afirka a Tunisiya bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1. Rauni ya hana Keshi buga yawancin wasannin, amma shi ne jagoran tawagar. A gasar kofin duniya ta wannan shekarar a Amurka, wasa ɗaya ya buga, wanda aka yi da Girka.

Da ya koma aikin horarwa, bai faɗo daga sama ba. Ya yi mataimaki a Super Eagles, ya riƙe ƙungiyar matasa ta Flying Eagles, sannan a 2004 ya karɓi Togo. Ƙaramar ƙasar da ba wanda ya sa a lissafi ta zo ta ɗaya a rukuninta, gaban Senegal da Zambiya da Mali, ta samu gurbin kofin duniya na 2006 karon farko a tarihinta. Sai dai bai ci moriyar wahalarsa ba. Togo ta sha kashi a duk wasanninta uku a kofin Afirka na Masar, aka samu saɓani tsakaninsa da ɗan wasansa Emmanuel Adebayor, aka sallame shi, Bajamushe Otto Pfister ya kai ƙungiyar zuwa kofin duniya a Jamus. Daga baya ya horar da Mali daga 2008 zuwa 2010.

A watan Nuwamba na 2011 aka ba shi Super Eagles, a daidai lokacin da ƙasar ta kasa samun gurbin kofin Afirka na 2012. Abin da ya yi shi ne ya tara 'yan wasan gida a sansani yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Da za a tafi Afirka ta Kudu a 2013, ya ajiye manyan suna irin su Osaze Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki mutum shida daga gasar cikin gida, cikinsu har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Suka kuwa ya sha ta, musamman da aka yi kunnen doki da Burkina Faso da Zambiya a wasanni biyun farko.

A nan ne idon ɗan baya ya yi aiki. Ya zaunar da kyaftin ɗinsa Joseph Yobo a benci, ya haɗa Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ta Akure da Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19, a tsakiyar baya. Da waɗannan biyun aka tare Didier Drogba, aka fitar da Kwaddebuwa da ci 2 da 1. Aka lallasa Mali da ci 4 da 1, inda Ahmed Musa, tsohon ɗan Pillars, ya zura ɗaya. Ranar 10 ga Fabrairu 2013 a Johannesburg, Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya ɗaga ƙwallo ta saman kan ɗan bayan Burkina Faso, kafin ta taɓa ƙasa ya ɗirka ta da ƙafar hagu ta faɗa raga. Da wannan ƙwallo ɗaya Najeriya ta ɗauki kofin bayan shekara 19. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmud El-Gohary na Masar.

Mutanen Kano ba za su manta da gasar 'yan wasan gida ta Afirka ta 2014 ba, wadda Keshi ya tafi da Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na Pillars. Maroko ta ci Najeriya 3 da nema kafin hutun rabin lokaci, aka dawo aka farke duka, aka ci 4 da 3, kuma Rabi'u Ali na cikin waɗanda suka zura. A kofin duniya na Brazil ya kai Najeriya zagaye na biyu, Faransa ta fitar da ita. Bayan haka al'amura suka dagule: rikici da hukuma, albashin da ba ya zuwa a kan lokaci, da rashin samun gurbin kofin Afirka na 2015. An sallame shi a Yulin 2015. Ya rasu a Benin a watan Yuni na 2016 yana da shekara 54, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Gaskiya ne ɗan baya yana da wata dama da sauran ba su da ita. Fili gaba ɗaya a gabansa yake. Wanda ya taso a gona ya sani, mai riƙe da garma a bayan shanu shi ne farkon ganin inda kunya ta karkace. Haka lamba biyar yake ganin giɓin da ɗan tsakiya ya bari, shi ke jan layin satar gida, shi ke kiran kowa da sunansa a lokacin bugun kwana. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana wannan aiki, ba mamaki ya iya karanta wasa. Shi ya sa 'yan baya suka yi yawa a kujerun sharhi, irin su Jamie Carragher da Rio Ferdinand.

Amma karanta wasa kashi ɗaya ne kawai na aikin koci. Dubi Gary Neville. Ya buga wa Manchester United wasa sama da 600 a bayan dama, ya ci gasar Firimiya sau 8, ya bar wasa a 2011 ya zama ɗaya daga cikin masu sharhin da aka fi saurara a Ingila. A Disambar 2015 aka ba shi Valencia ta Sifaniya. Ba ya jin yaren ƙasar, bai taɓa riƙe babbar ƙungiya shi kaɗai ba. Barcelona ta zuba masa 7 da nema, ya ci wasa 3 kacal cikin 16 na gasar La Liga, kuma kafin wata huɗu ya cika an sallame shi. A gida ma, Sunday Oliseh, wanda sharhinsa ya burge jama'a, shi ya gaji Keshi a 2015, ya ajiye aikin a Fabrairun 2016 yana kukan ba a cika masa alƙawari ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bambancin a fili yake. Mai sharhi yana magana ne bayan abu ya faru, ana maimaita masa hoton sau uku, kuma idan ya yi kuskure ba wanda zai kore shi. Koci kuwa sai ya zaɓi mutum goma sha ɗaya tun kafin a busa usur, ya dubi idon babban ɗan wasa ya ce masa yau benci za ka zauna, ya lallashi yaron da ba a biya albashi ba, ya jure wa shugabanni da 'yan kallo. Wannan ne Keshi ya iya, kuma ya fara koyonsa ne tun yana kyaftin. Sharhi sana'a ce mai daraja, amma wata sana'a ce dabam.

Shawarata gare ka, kada ka raina lambarka don 'yan gaba ake yi wa tafi. Ka riƙa magana a fili, ka koyi tsara abokanka ba tare da zagi ba. Idan kana da burin horarwa, ka fara da yaran unguwarku ko na makarantar firamare, ka riƙe karatunka, domin yanzu ba a zama koci sai da takarda. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, akwai kuma lasisin hukumar ƙwallon Afirka mai matakai, wanda ake nema ta hannun hukumar ƙwallon Najeriya. Ka tuntuɓi hukumar ƙwallon jihar Kano don sanin lokacin da ake buɗe kwas. Allah ya ba ka sa'a, ya sa mu ji sunanka da alheri.