Likitan Ƙauye da Ya Je Sama, da Majinyacin da ke Kwance a Gidanku

'Yan'uwa, idan mutum ya yi ciwo mai tsanani, abin da muka saba faɗa masa shi ne, "Kwanta ka huta." Muna shimfiɗa masa angarib a inuwa, mu kawo masa ruwa da abinci har bakin gado, mu hana shi ɗaga ko da buta. Ƙauna ce ta sa muke yin haka. Amma akwai lokacin da kwanciyar kanta takan zama ciwo na biyu. Domin ku gane yadda hakan yake faruwa, bari in ba ku labarin wani likita.

Sunansa David Saint-Jacques, mutumin ƙasar Kanada, an haife shi a 1970. Bai fara da likitanci ba. Ya yi karatun injiniya, ya yi na ilimin taurari a Cambridge ta Ingila, sa'an nan ya koma makaranta ya zama likita a 2005. Ya zaɓi zama likitan iyali, wato wanda yake duba kowa: jariri, mai ciki, tsoho, wanda ya karye. Ya yi aiki a wani gari da ake kira Puvirnituq, can arewacin Kanada, a bakin teku mai daskarewa saboda sanyi. Mutanen garin, ƙabilar Inuit, ba su kai dubu biyu ba a lokacin. Babu hanyar mota zuwa wurin, sai jirgin sama. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibitinsu, babban asibiti yana da nisan tafiyar sa'o'i a jirgi. Wanda ya taɓa neman motar da za ta kai mai naƙuda Sinnar ko Wad Madani cikin damina, hanya duk taɓo, ya san irin wannan zama.

A 2009 aka zaɓe shi cikin 'yan sama jannati. Ya yi shekara tara yana koyo. Ranar 3 ga Disamba 2018 ya tashi da abokan tafiya biyu, Barashe ɗaya da Ba'amurkiya ɗaya, zuwa tashar da ke kewaya duniya a sararin samaniya. Tsayinta daga ƙasa kusan kilomita 400 ne, kamar ka tashi daga Madani ka je Khartum ka dawo. Ya kwana 204 a can, ya sauko a watan Yuni 2019.

Aikinsa a tashar ya haɗa da binciken jikin ɗan Adam, kuma jikinsa ne abin gwaji. An auna jijiyoyin jininsa, ƙasusuwansa da ɓargonsa. Ya sa wata riga mai ƙidaya bugun zuciya da numfashi dare da rana. Ya gwada wata ƙaramar na'ura da ke duba ɗigon jini daga ɗan yatsa ta ba da sakamako, kusan yadda muke yi muku gwajin maleriya a nan. Dalili ɗaya ne: a can ma babu babban asibiti kusa.

To, me yake samun jiki a sama? A can babu nauyi. Mutum yana shawagi a iska, ƙafafunsa ba su ɗauke da komai. Za ku ce ai wannan hutu ne. Jiki kuwa yana da wata ɗabi'a: abin da ba a aiki da shi, sai ya fara rage shi. Tsokar cinya da ta sha-raɓa suna motsewa. Ƙasusuwan ƙugu da na ƙafa suna rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsu kowane wata, wani lokaci fiye. Sinadarin kalsiyam da ke sa ƙashi tauri yana fita cikin fitsari, har yana iya taruwa ya zama tsakuwa a ƙoda. Jini kuma, da yake babu abin da ke jan sa ƙasa, sai ya taru a ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance. Jiki ya zaci ruwa ya yi masa yawa, sai ya zubar da wani, jinin ya ragu.

Saboda haka 'yan sama jannati suna motsa jiki kusan awa biyu kowace rana, a ɗaure da igiyoyi a kan na'urar gudu. Duk da haka, da wannan likita ya sauko, ɗaukarsa aka yi daga cikin kumbon aka zaunar a kujera. Jiri da tashin zuciya suka kama shi. Mutum mai ƙoshin lafiya, ɗan shekara 49, sai da aka riƙe hannunsa yana sake koyon tafiya, aka yi makonni ana gyara masa jiki.

Ga inda labarin ya shafe ku. Masu bincike ba sa iya aika kowa sama, saboda haka idan suna so su ga irin wannan canji a ƙasa, kwantar da lafiyayyun mutane suke yi a gado na makonni. Kwanciya mai tsawo tana yi wa jiki kusan abin da sama take yi masa. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 har mako uku, ba tare da wani ciwo ba. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna su, suna da shekara 50. Aka tarar tsufan shekara talatin bai rage musu ƙarfi kamar yadda kwanciyar mako uku ta yi ba. Ranar da na fara karanta wannan, sai da na maimaita shi sau biyu.

Samari ke nan masu jini a jika. Ku yi tunanin tsohuwa 'yar shekara saba'in da zazzaɓi ya kwantar.

Na taɓa jinyar wani dattijo, manomi, wanda ya yi shekaru yana tsinkar auduga da share magudanar ruwa. Maleriya ta kama shi, ya sha magani, zazzaɓin ya sauka cikin kwana huɗu. 'Ya'yansa suna ƙaunarsa ƙwarai. Suka ce, "Baba ya sha wahala, ba zai ƙara taɓa komai ba." Ya yi wata guda a kan angarib. Ranar da ya miƙe zai zaga, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Da suka kawo shi, har gyambo ya buɗe a gindin bayansa. Ban ga laifinsu ba, domin babu wanda ya taɓa gaya musu. Ni ma da na ba shi maganin farko, ban gaya musu ba.

Yanzu ina gaya muku. Da zarar zazzaɓi ya sauka, ko likita ya ce haɗari ya wuce, majinyaci ya fara motsi a ranar. Kada ku miƙar da shi tsaye kai tsaye. Ya fara zama a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa, na 'yan mintoci. Ya sha ruwa. Idan bai ji jiri ba, mutum biyu su riƙe shi ya tsaya. Gobe ya taka zuwa bakin ƙofa, jibi zuwa tsakar gida. Ya ci abincinsa a zaune. Ku bar shi ya ɗauki moɗarsa da kansa, ya wanke fuskarsa da kansa, ko da zai daɗe yana yi. Ke 'yar da ke jinyar mahaifiyarki, na san yana yi miki nauyi ki tsaya kina kallonta tana fama da abin da za ki gama cikin ƙiftawar ido. Ki daure, wannan faman magani ne.

Wanda ba ya iya tashi ko kaɗan, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, ku riƙa juya shi bayan kowace awa biyu: dama, baya, hagu. Ku duba fatar ƙugu, gindin baya da diddige kullum. Jan tabo da ba ya gushewa idan an danna, ko wurin da ya yi duhu ya yi zafi, farkon gyambo ne. Ku sa shimfiɗa mai laushi a kan igiyar angarib, ta zama busasshiya. Ku lanƙwasa masa gwiwa, gwiwar hannu da yatsu a hankali, ku miƙe su, safe da yamma, domin gaɓoɓin kada su sandare. Ku ɗaga bayansa ya ja dogon numfashi ya yi tari, gama majina da ta kwanta a huhu ita ke kawo ciwon haƙarƙari.

Mai jego ma haka. Zaman arba'in abu ne mai kyau, tana bukatar hutu daga ɗiban ruwa da aikin gona. Amma ta riƙa zagayawa a cikin gida tun ranar farko ko ta biyu, ko da tiyata aka yi mata, bisa yadda ungozoma ta nuna. Jinin mai jego yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa idan ta kwanta da yawa.

Abinci yana taimakon ƙashi da tsoka su dawo: madara, nono, ful, wake, ƙwai, da ƙananan kifin kogi da ake ci da ƙayarsu. Majinyaci ya ɗan sha hantsi, kada a rufe shi a ɗaki mai duhu wuni guda.

Akwai waɗanda ba za ku tayar ba sai mun gani. Wanda ya faɗo ya bugi wuya ko gadon baya, wanda ake zaton ya karye, mai ciki da ke zubar da jini, da wanda numfashi ke yi masa wuya ko yana kwance. Idan kuma ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, kada ku matsa ta, kada ku kai wa wanzami ya yi ƙaho. Mai yiwuwa gudan jini ne, kuma matsawa tana iya tura shi zuwa huhu. Ku nemi mota ku kawo shi asibiti a ranar, ko da dare ne.