ƊINKIN RIGA DA HULA A GIDA

Abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne ɗinki, wato yadda mutum zai ɗinka wa kansa riga da zane, ko ya ɗinka hula, a cikin gidansu ba tare da ya kai wa tela ba. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, na lura da yawa daga cikinmu, musamman mu mata da muka samu shiga makarantar sakandare, mun ɗauki allura da zare tamkar aikin waɗanda ba su yi boko ba ne. Har akan samu ɗaliba maɓallin rigarta ya cire, ta kama wurin da fil, ta yi ta yawo a haka har ƙarshen zango. Wata kuma idan ranar ziyara ta zo sai ta bi ɗakunan kwana tana neman aron kaya, alhali kuwa Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda ya taɓa zagayawa shagunan teloli a Kankiya ko Katsina ko Kano a goman ƙarshe na azumi ya san sauran labarin. Kaya tsibi-tsibi, tela ba ya barci, masu kaya suna zaune a kan benci suna jiran alkawari. Mahaifi ya sayar da buhun gero ko ɗan akuya ya sayi atamfa, amma ranar Salla yarinya tana ɗaki tana kuka don ba a gama ɗinkinta ba. Ba laifin tela ba ne shi kaɗai, hannunsa biyu ne kamar na kowa. Laifin gida ne da ba a samu mutum ɗaya a cikinsa wanda ya iya riƙe almakashi ba.

ƊINKI GADONMU NE

Malamai sun ce Annabi Idrisu, Alaihis Salam, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki. Ya kuma zo a hadisi daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. To, wane ne kuma zai ce ya fi ƙarfin allura?

A ƙasarmu ma ɗinki ba baƙo ba ne. A farkon shekarar 1851 wani Bature mutumin Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Katsina za shi Kano, ya bi ta Kusada, nan kusa da garinmu Rimaye. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano, fatake suna kai su har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. A cikin wannan shekara ce kuma Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Ke nan duk rigunan da Barth ya gani a kasuwa, babu wadda keke ya taɓa. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari; masaƙa su saƙa; marina su rina; maɗinka su harhaɗa, su zuba aiki irin su aska biyu da aska takwas, duk da hannu.

Daga baya masaƙun zamani suka zo. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, aka yi ta sayen audugar ƙasar Funtuwa da Malumfashi, amma a 2002 ta tsaya da aiki, wasu da dama suka bi bayanta. Yau akasarin atamfar da ke Kantin Kwari a Kano daga waje ake shigo da ita, galibi daga ƙasar Sin. Kaɗi ya kusa ɓacewa, saƙa da rini sun ja baya. Abin da ya rage sosai a hannunmu shi ne ɗinki. In muka sake shi kuwa, sai mu koma jiran dilar gwanjo, mu riƙa sa abin da wasu suka sa suka gaji.

KAYAN AIKI

Mai koyo ba ya bukatar keke tun farko. Abin da zai tanada shi ne allura ƙanana da manya, zare fari da baƙi da na launi, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, tef ɗin awo, alli ko guntun sabulun da ya sirance don yin zane, da dutsen guga. Duk waɗannan, ban da dutsen guga, gwangwani ɗaya zai ɗauke su. Keke, na hannu ko na ƙafa, sauri kawai yake ƙarawa. Wadda ba ta iya miƙe layi da hannu ba, in ta hau keke sai dai ta yi saurin ɓata kaya.

Kada a fara koyo a kan sabuwar atamfa. Yaran teloli da takardar buhun siminti suke farawa, su yanka, su ɗinka, har hannu ya faɗa. Daga nan sai a koma kan tsohon zane.

RABON TURMI

Turmin atamfa yadi 6 ne, kowane yadi kuma inci 36 ne. Yadda ake rabawa a gidanmu shi ne: yadi 2 zane, yadi 2 riga, yadi 1 ɗankwali, sauran yadi 1 kuma a yi wa ƙaramar yarinya 'yar riga ko a ajiye don majanyi. Zane shi ya fi komai sauƙi, don gefensa na sama da na ƙasa an gama su tun daga masaƙa, ba sa warwarewa. Bakin nan biyu da almakashi ya bi su kaɗai za a kalmashe. A naɗe rabin inci, a goge, a sake naɗewa, a goge, sannan a bi da ɗinki ƙanana daidai da juna. Wadda ta iya kalmasa ta iya zane da ɗankwali ke nan, ta rage wa iyayenta aikin rabin turmi.

AWO DA YANKAN RIGA

A nan ne ake bukatar natsuwa, domin ɗinki in ya karkace ana iya farke shi, amma yadi in an yanke ya yanku. Bari mu ɗauki riga mai sauƙi, marar zif, wadda ake zurawa ta kai. Da farko a auna ƙirji, wurin da ya fi faɗi. A ce an samu inci 34. Sai a ƙara inci 4 don rigar ta sake, a samu numfashi da sunkuyo, ya zama 38. Tun da za a ninka yadin gida huɗu, sai a raba 38 gida 4, ya ba da tara da rabi. A ƙara inci 1 na cin ɗinki, ya zama goma da rabi. Wannan shi ne faɗin da za a zana daga bakin ninki. Sannan a auna tsawo daga kafaɗa zuwa inda ake so rigar ta tsaya, a ƙara inci ɗaya da rabi na kalmasa.

A shimfiɗa yadin a baibai a kan tabarma ko tebur, a ninka shi biyu ta tsawo, a sake ninkawa ta faɗi. Kusurwar da ninki biyu suka haɗu nan ne wuya. A zana hannu daga kafaɗa, a lanƙwaso layin a hammata kada ya yi kusurwa mai kaifi, don nan ne riga take fara yagewa. A sake auna komai kafin a ɗauki almakashi.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, wuya. A fara da inci 3 daga kusurwa, a yanke, a gwada a kai, in bai shiga ba a ƙara kaɗan-kaɗan. Ƙaramin wuya ana ƙara shi, amma wanda ya yi yawa ba shi da magani sai faci. Na biyu, zanen jikin atamfar. In tana da tsuntsaye ko furanni masu sama da ƙasa, aka ninka ta a kafaɗa, to na baya za su fito kai ƙasa. Irin wannan sai a yanka gaba daban, baya daban, a haɗa su a kafaɗa. Haka kuma farin yadi na auduga, a wanke shi ya bushe kafin a yanka, domin yakan tsuke a wankin farko.

Bayan yanka, a kama gefen da manyan ɗinki na wucin gadi, a gwada a jiki. In ta zauna daidai sai a bi da ɗinki na sosai, a zare na farkon, a naɗe wuya da siririn ƙyalle, a kalmashe hannu da ƙasa, a goge.

ƊINKIN HULA

Hula aikin haƙuri ce, kuma mata da 'yan mata da yawa a ƙasar Hausa da Barno da ita suke samun na sabulu da na biki ba tare da sun fita ko'ina ba. Akwai kube, akwai damanga, akwai Bama mai sunan garin Bama na Jihar Barno, akwai kuma zanna, wadda ake dangantawa da Zanna Bukar Dipcharima, ɗaya daga cikin ministocin Jamhuriya ta Farko.

Hula ƙyalle biyu ce: jiki, wato dogon da ke zagaye kai, da kuma kai, wato da'irar da ke rufe sama. Da inci ake auna ta, shi ya sa za ka ji mai sayen hula yana cewa a ba shi lamba 22 ko 23. A nan ne darasin lissafi ke shigowa. An koya mana cewa in ana neman faɗin da'ira, sai a raba kewayenta da 22 bisa 7. To in kewayen kan mutum inci 22 ne, faɗin da'irar kan hularsa inci 7 ne cif. Sai a bar ɗan ƙari a gefe na haɗi. Jikin ma a bar masa ƙari, don zare yana jan yadi, kafin a gama aiki ya ɗan tsuke.

Akan ninka farin yadi don hular ta yi kauri, a kai wa mai zane ya fitar da surar aikin da biro, ko mai ɗinkin ta zana da kanta in ta ƙware. Tun ran gini ran zane: in zanen ya karkace, babu gwanintar allurar da za ta miƙe shi. Daga nan a zaɓi launukan zare, a fara cikewa gida-gida. Wani aikin akan soka allura a buɗe ɗan ƙaramin huji, a zagaye shi da zare, a matsa gaba a yi wani, har jikin hular ya cika da idanu ƙanana a jere. Ƙa'idar ita ce jan zare ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In yau an ja da ƙarfi gobe an sassauta, hular za ta yi tudu da kwari, mai saye kuwa da ya juya cikinta zai gane. A wanke hannu kafin a fara, a naɗe inda aka gama da tsumma mai tsabta, kuma a yi aikin da hasken rana don kada ido ya lalace. Hula mai cikakken aiki takan ci makonni. In an gama a haɗa jiki da kai, a kai wa masu wankin hula su sa mata sitaci, su ɗora ta a kan icen da aka sassaƙa daidai kai har ta bushe ta tsaya.

Gaskiya ne yanzu akwai hulunan inji masu araha a kasuwa. Amma har gobe wanda ya san hula, ta hannu yake nema ranar Salla da ranar ɗaurin aure, kuma ya biya kuɗinta.

AMFANIN ABIN

Kuɗin ɗinkin da za a kai waje ya zauna a gida, a sayi littafi ko sabulu da shi. Rigar yaya in ta yi mata kaɗan a rage ta a ba ƙanwa. Guntayen ƙyalle a harhaɗa su a yi rigar matashin kai. Sannan ba dukanmu ne za mu samu aikin ofis bayan mun gama makaranta ba. Wata za ta wuce jami'a, wata aure za a yi mata. Ko wacce ce, in tana da sana'a a hannu ba za ta zauna tana jiran sai an ba ta ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowacce ta dawo hutu da gwangwaninta na allura da zare, mu riƙa haɗuwa ranar Asabar da la'asar, wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba. A lokacin dogon hutu kuma mu zauna kusa da iyayenmu da kakanninmu mu karɓi abin da ke hannunsu tun suna raye. Maza ma kada su ce ba da su ake ba, don aikin babbar riga tun asali nasu ne. Mai son sa ɗinkin hannunta a Salla mai zuwa kuwa, ta fara koyo tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da sana'a mai albarka, amin.