Darasi na 9: Ajiye shafin intanet da kwafar rubutu zuwa Word

Manufar darasi: sakatariya da ma'aji su iya ajiye abin da suka gani a intanet, su kuma mayar da shi takarda mai tsabta da za a karanta wa mambobi ranar zama.

Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta adashi a nan Sabon Gari. Mu 25 ne, muna zama kowace Laraba bayan la'asar. Ban yi karatun kwamfuta ba, abin da zan faɗa maku wuya ce ta koya mani shi.

Abin da ya same mu

Wata shekara da kaka wake ya yi araha, muka yanke shawarar sayen buhuna mu ajiye zuwa bazara. Kuɗin akwati bai kai ba, sai na shiga neman inda za mu samu rance. Na ga shafin wata cibiya, an rubuta cewa ana biya cikin wata 6. Na karanta wa mata daga wayata, kowa ta amince. Bayan mako uku muka je ni da shugaba, aka ce mana wata 4 ne, ga kuma wani kuɗin fom da ban gani ba. Na ce ai ba haka aka rubuta ba. Jami'in ya ce, "To Hajiya, nuna mani." Na buɗe shafin, ashe an canza shi.

Wallahi ba rashin rancen ne ya fi yi mani ciwo ba. Kallon da wasu mata suka yi mani ne ranar zama, kamar ni ce na ƙara gishiri. Ƙungiyar adashi kuwa ba ta da jarin da ya wuce amana. Tun ranar na gane shafin intanet kamar allon makaranta yake, mai shi na iya gogewa ya sake rubutu duk sa'ad da ya so. Abin da kika ajiye a hannunki shi ne naki.

Kashi na ɗaya: ajiye shafi yadda yake

A waya, idan da Chrome kike amfani, hanyoyi uku ne:

1. Danna ɗigo ukun nan na saman dama, sai ki danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Shafin zai sauka cikin Downloads, za ki iya buɗe shi ko babu data.
2. Danna ɗigo ukun, ki zaɓi Share, sannan Print, sannan Save as PDF. Wannan ita ce hanyar da na fi so, don PDF ba ya hargitsewa, ana tura shi ta WhatsApp, ana kuma buga shi a kowane shago.
3. Idan bayanin gajere ne, ki ɗauki hoton fuskar wayar. A yawancin wayoyin Android, maɓallin kunnawa da na rage sauti ake dannawa tare.

A kwamfuta, danna Ctrl da P tare, ki zaɓi Save as PDF a wurin da ake zaɓen firinta. Akwai kuma Ctrl da S, amma ki yi hattara: yakan ajiye fayil ɗaya da folda ɗaya, idan kika kwashe fayil ɗin zuwa filas kika bar foldar, hotunan ba za su fito ba.

Duk hanyar da kika bi, ki sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana da kwanan wata, misali "Sharuɗɗan rance 12 Nuwamba". Ki kuma rubuta adireshin shafin a littafin ƙungiya. Takardar da ba ta da kwanan wata ba ta raba gardama.

Kashi na biyu: kwafar rubutu zuwa Word

Wani lokaci ba shafin gaba ɗaya kike so ba. Da muka zo ajiyar waken, bayanin buhun PICS kawai nake nema, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake ɗaure kowane daban don ƙwari su rasa iska, ba sai an sa magani ba. Na je wani shagon buga takardu a Samaru, yaron ya kwafo komai ya zuba a Word. Bayanin da bai wuce shafi ɗaya ba ya zama shafi bakwai: tallace-tallace, hotuna, rubutu shuɗi mai layi a ƙasa, wani babba wani ƙarami. Kowane shafi kuma sai da na biya kuɗinsa daga asusun ƙungiya.

Dalili shi ne, rubutun intanet yana zuwa da kwalliyarsa, wato launi, girma da tsari. Ke kuwa maganar kike so, ba kwalliyar ba. Ga yadda za ki yi:

1. Zaɓi iya wurin da kike buƙata, ki danna Ctrl da C.
2. A cikin Word, kada ki yi saurin danna Ctrl da V. Danna gefen dama na linzamin kwamfutar, ki zaɓi alamar da ke da harafin A, sunanta Keep Text Only. Zallar rubutu zai sauka.
3. Idan ba ki ga alamar ba, fara zuba rubutun a Notepad, sannan ki sake kwafowa daga can. Notepad na wanke duk kwalliyar.
4. Idan abu ya ɓaci, kada ki firgita. Ctrl da Z na mayar da ke baya.

Abin lura: jadawali da lambobi

A nan ne haɗarin yake, ki saurara da kyau. Idan kika kwafo jadawali a matsayin zallar rubutu, layukan da suka raba gidaje suna ɓacewa. Na taɓa ganin zubin 2,000 da mako 12 sun manne sun koma 2,00012. Ka ga idan aka karanta wa mata haka, rigima ce. Don haka jadawalin kuɗi, ko dai ki bar shi a PDF, ko ki zana sabo a Word ta Insert da Table, ki shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan ki kira ma'aji, ita ta riƙe na asali, ke ki karanta na kwafi da ƙarfi. Yadda ba mutum ɗaya ke ƙirga kuɗin akwati ba, haka ba mutum ɗaya ke duba lambobi ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wani lokaci ƙ, ɗ da ɓ sukan koma akwati-akwati ko alamar tambaya. Ki zaɓi rubutun ki canza salon harafin zuwa Arial ko Times New Roman, sau da yawa suna dawowa. Kada ki bar su haka, don "bari" daban, "ɓari" daban. A waya, Gboard na da allon Hausa mai waɗannan haruffa. Idan kin gama gyara, ki mayar da takardar PDF kafin ki kai shago, abin da kika gani shi zai fito.

Gargaɗi uku

Ajiye abu ba ya mayar da shi gaskiya. Kan noma da ajiyar hatsi, muna da sa'a, ga IAR da NAERLS na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, kuɗin mota kaɗan ne ki je ki tambaya. Kan rance, ki je ofishin da kanki riƙe da PDF ɗinki, ki nemi a ba ki sharuɗɗan a rubuce.

Kada ki rubuta PIN ko BVN na kowace mamba a takardar da za ki kai shago.

Idan an gama buga maki, ki tsaya a goge fayil ɗin daga kwamfutar shagon a gabanki. Bashin mamba sirrinta ne.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowace sakatariya ta ajiye shafi ɗaya a PDF mai suna da kwanan wata, ta kwafo sakin layi ɗaya zuwa Word ba tare da kwalliya ba, ta zo da shi mu duba tare da ma'aji. Wadda ba ta da babbar waya ta haɗu da wadda ke da ita. Allah ya sa albarka a zubinmu.